Daga Dogon Dutsi Zuwa Yamai

Tun da asuba na baro Sukukutane a bayan wata tsohuwar mota, ƙura har cikin haƙora, don in riski babbar motar Yamai a Dogon Dutsi. Inna ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a gefen zane, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ɗiyata."

Kilomita fiye da 270 ne a kan kwalta. A Doso masu tallar kilishi suka yo caa bakin taga, Zabarmanci ya fara rinjayar Hausa. Wata tsohuwa kusa da ni ta miƙo goro, ba ta tambayi sunana ba. Wajen Kure na manna goshi ga gilashi, ina neman raƙuman dawa tsakanin itatuwa, hannuna riƙe da ƙullin Inna.