Na Sare Gawo Don Shuka Ta Sha Rana

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, gonar gado ta faɗo hannuna, kuma aikin farko da na yi mata ɓarna ce. Gonar jigawa ce a ƙauyenmu, tsakanin Daura da Sandamu, da manyan itatuwan gawo a tsakiyarta waɗanda duk sun girme ni. Ni kuwa malamin makaranta ne. Na sha rubuta wa yara a allo cewa ganye da abu uku yake haɗa abincin shuka: hasken rana, ruwa, da iskar kabon. Sai na yi lissafi na ce tunda haske ne jari, duk abin da ya tare shi asara yake jawowa. Na kira masu gatari.

Baffa, ƙanen mahaifina, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce, “Malam, gawo za ka sare? Ka taɓa ganin ganye a kansa da damina?” Na ce, “Baffa, ai yanzu ilimi ya ci gaba.” Ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Bai ƙara ko kalma ba.

Tambayar nan tasa ta isa ta tsayar da ni, da na saurara. Gawo ba ya bin ɗabi'ar sauran itatuwa. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye, sai rani ya kama ya sake tofo. Ashe inuwar da nake yaƙi da ita, a lokacin da shuka ke gona, ta tsiraran rassa ce kawai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ban tsaya nan ba. Na ga yadda masara ke cika buhu a Funtuwa da Bakori, na manta cewa can ruwan shekara yakan kai milimita 1,000, mu kuwa a ƙasar Daura da ƙyar mukan wuce 600 zuwa 700, kuma ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima. Na ajiye gero na shuka masara. Ta yi kyau har maƙwabta suna tankawa. Ana cikin haka, daidai lokacin da za ta fitar da kai, ruwa ya ɗauke. Da hantsi ya yi sai ganyen ya fara naɗewa daga gefe zuwa tsakiya, kafin azahar ya tsaya tsaye, siriri, korensa ya dushe ya koma toka-toka. Na ce yunwa ce. Na shiga Daura na sayo yuriya, na bi gindi-gindi na zuba a busasshiyar ƙasa. Cikin 'yan kwanaki bakin ganyen ya ƙone. Da kaka ta zo, mafi yawan goyon babu ƙwaya sai tsilli-tsilli.

Sai bayan asara na koma na karanta sauran darasin da nake koyarwa rabi. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita ya bi iska. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotso ta wannan hanya yake tafiya, kuma fitarsa ce ke sanyaya ganyen. Idan ƙasa ta bushe, shuka sai ta rufe ƙofofin don kada ta ƙare da ƙishi. Amma ƙofar da ta hana ruwa fita ita ce ta hana iskar kabon shiga, don haka haɗa abinci ya tsaya cik. Rana kuwa ba ta san an rufe ba. Tana ci gaba da zuba haskenta, ganyen yana karɓar ƙarfin da ba shi da inda zai kai shi, kamar tukunyar da ruwanta ya ƙone aka ci gaba da iza mata wuta. Wannan rarar ƙarfin ita ke lalata koren ganyen daga ciki. Naɗewar da na gani dabara ce ta rage fuskar da rana ke duka. Masarata guje wa haske take yi, ni kuma na sare itace don in ƙara mata shi.

Yuriyar kuma ta ƙara wa Barno dawaki. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, abinci ne na gaske, amma saiwa ba ta cin abinci sai a narke cikin ruwa. A ƙasa mai ƙarancin laima taki yakan taru da ƙarfi a gindin shuka, ya hana saiwa jan ɗan ruwan da ya rage, wani ɓangarensa kuma ya bi iska. Kuɗina ne na sa na ƙara wa mai ƙishi ƙishi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsallaken iyaka. Geron Baffa ya sha farin da masarata ta sha, amma da ruwa ya dawo ya miƙe. Gero da dawa da masara duk suna cikin tsirran da ke da wata hanya ta musamman ta tara iskar kabon a cikin ganye, wadda masana biyu, Hatch da Slack, suka bayyana a Ostareliya a 1966 suna bincike a kan rake. Da ita suke yin abinci mai yawa da ruwa kaɗan, fiye da wake ko gyaɗa ko shinkafa. Sai dai masara tana da ranar rauni: idan fari ya same ta tana fitar da kai, gemun yakan makara, garin da zai ba shi ƙwaya ya riga ya zube. Gero ya fi ta jure zafi, saiwarsa tana nitso, yana kuma fitar da 'ya'ya a gindi waɗanda za su maye gurbin abin da ya lalace. Ba don rashin wayewa kakanninmu suka riƙe shi ba. Waken da Baffa ya ratsa a tsakani ma yana da tasa dabarar. Ku lura da shi da tsakar rana, za ku ga ya juya ganyensa ya ba rana gefe.

Kuma geron da ya fi kowanne tsawo a gonarsa na ƙarƙashin gawo ne. Ganyen da itacen ya zubar taki ne, dabbobin da suka yi rani a inuwarsa suna cin 'ya'yansa sun bar kashinsu a wurin, ƙasar ma ba ta ɗaukar zafin da fili ke ɗauka. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan da aiki. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka koma sassabin zamani, suna barin tsiron itace a gona suna gyara shi maimakon ƙone shi, kuma a ƙasar Damagaram gawo ya dawo gonaki da yawan gaske. Mu da iyaka kawai ta raba mu, ni ina sarewa.

Na je na ba Baffa haƙuri. Ya ce, “Ba ni ka yi wa ba, Malam, gonarka ka yi wa.” Na koma gero da wake, masara kuwa sai bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kai mata. Yanzu kafin in taɓa buhun taki, da asuba nake zuwa gona. Ganyen da ya naɗe jiya da rana, idan ya warware da safe, shukar tana kare kanta ne, a jira ruwa. Idan gari ya waye yana naɗe, ƙishin ya yi nisa, taki kuwa ba maganinsa ba ne. Tsiron gawon da na bari ya fito, amma har yau bai kai a zauna a gindinsa ba.

'Yan'uwana malaman makaranta na Daura, Zango, Ɓaure, Mai'adua da Sandamu, idan kun kai darasin ganye da hasken rana, don Allah kada ku tsaya a allo inda na tsaya. Ku fita da yaran zuwa gonar da ke bayan makaranta da azahar, su ga ganyen wake da na masara da idonsu.