Kyamarar da na sa wa injin leza

Injin leza ba ya gogewa. Abin da ya ƙona ya ƙonu ke nan. Katakon gwaji sai ka jefar, amma in kwastoma ya kawo jakar fata guda ɗaya tal, ya ce a zana sunan mahaifiyarsa, sunan ya karkace ko da milimita uku ne, to biya ya kama ka. Tsoron wannan ne ya sa na dage sai da muka sa kyamara a shagon da nake IT.

Aikinta ba wuya. Ana kafa ta a cikin murfin injin, a haɗa da kwamfuta ta USB. Manhajar LightBurn ta ɗauko hoton teburin injin, kai kuma ka ɗora zanenka daidai kan abin da ke kwance.

Wajen saye, abokaina kowa megafiksel yake tambaya, sai ka ce waya za mu saya. Ni dai tef na ɗauka, na auna faɗin teburin da nisansa daga murfi a buɗe. Wannan awon ne ke gaya maka irin gilashin da za ka nema. Mai digiri 160 yana hango ko'ina, amma yana lanƙwasa gefe-gefe. In murfin na da nisa, mai 90 ya wadatar, hotonsa ma ya fi fitowa tas.

Sai saiti. Manhajar za ta sa ka nuna wa kyamarar wani kati mai ɗige-ɗige a wurare daban-daban don ta miƙar da lanƙwasar. Daga nan injin ya ƙona alamomi huɗu, ka danna tsakiyar kowace a hoto. Bayan wannan, kyamarar ba ta son motsi ko kaɗan. Murfi ya buɗe ƙasa da yadda ya saba, saiti ya tafi. In kaurin kayan ya canza tsayin saman da ake zana, nan ma sai ka sake dubawa. Shi ya sa nake fara gwaji a kan kwali.

Amma fa kyamara ba maigadi ba ce. Katako da fata suna kamawa da wuta. Oga kan ce mini, “Yaro, hoto ba ya kashe gobara.” Har yau in injin na aiki, ina tsaye a gefensa, ko an kira ni cin abinci.