Bashin Da 'Yata Take Bi Na: Tafiyarmu Ta Farko Zuwa Gidan Zoo

   

A wannan karo labarin gida zan ba ku, kuma da laifin kaina zan fara.

Mu mutanen Kara ne, a ƙaramar hukumar Gwarzo, yamma da birnin Kano. Ina da 'ya'ya uku: babbar mace ce mai shekara bakwai, sai ƙaninta mai shekara biyar, sai autanmu da bai cika uku ba. A Ƙaramar Sallar shekarar 2024, 'ya'yan yayana da ke zaune a birni suka zo mana yawon salla, suka cika wa yarana kunne da labarin Gidan Zoo: zaki, da kura, da jimina, da lilo mai juyawa. Da baƙi suka tafi, sai babbar ta zo ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, mu ma za ka kai mu?" Ni kuwa ina danna waya, ko ɗaga kai ban yi ba, na ce, "In sha Allahu, da Babbar Salla."

Babbar Salla ta zo, kuɗin layya ya cinye aljihu. Na ce bayan damina. Damina ta wuce, na ce sai an yi hutun makaranta. Kowane lokaci da "in sha Allahu" nake rufe zancen, har ranar da na dawo daga sallar Isha'i na tsaya a zaure ina kakkaɓe takalmi, na jiyo ƙanin yana tambayar yayarsa yaushe za a je. Sai ta amsa masa da muryar wadda ta gama fahimtar duniya: "Kai ba ka gane ba? Idan Baba ya ce in sha Allahu, a'a yake nufi."

Mai karatu, wallahi na daɗe a zauren nan ban iya shiga gida ba. Ba fasa tafiyar ne ya dame ni ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, ni da bakina na koya wa yarinya 'yar shekara bakwai cewa wannan kalma mai girma, wadda Allah Ya umarci Manzonsa da faɗinta a Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, dabara ce ta sallamar mai roƙo. Gobe idan malamin Islamiyya ya ce mata masu imani za su shiga Aljanna in sha Allahu, me zuciyarta za ta raya mata?

Alƙawari ga yaro bashi ne

A daren na tuna da abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir (RA). Yana yaro, Manzon Allah (SAW) na zaune a gidansu, sai mahaifiyarsa ta kira shi da cewa za ta ba shi wani abu. Annabi (SAW) ya tambaye ta abin da take nufin ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Dabino ke nan fa, ƙwaya ɗaya ko biyu. Ni kuwa wata takwas ina jan alƙawari a ƙasa.

Mu Hausawa muna cewa alƙawari kaya ne, amma sau da yawa manya kaɗai muke ɗaukar wa wannan kaya. Yaro kuwa mun mayar da shi wanda ake ruɗa da "gobe" har ya manta. To, yaro ba ya mantawa. Ajiyewa yake yi. Washegari da safe na kira su na ba su haƙuri, na sa rana: Asabar ta uku a watan Disamba. Na ce wa babbar ta rubuta da alli a bangon ɗaki, ta riƙa soke kwanaki. Na kuma bayyana musu ma'anar in sha Allahu ta gaskiya: zan yi iyakar ƙoƙarina, abin da ya fi ƙarfina kuwa yana hannun Allah.

Ina za mu, kuma yaushe?

Daga nan shiri ya fara, domin niyya ba tare da shiri ba ita ce ta kai ni inda na tsinci kaina. Da farko na yi tunanin wuri mafi kusa, wato madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, maƙwabtanmu. Maiɗakina ta ce ba da ita ba: ƙananan yara uku da bakin ruwa mai zurfi ba sa haɗuwa. Gaskiyarta. Sa'an nan kuma ba abin da na alƙawarta ke nan ba. Wanda ake bin sa gero ba ya biya da dusa.

Saboda haka muka tsaya a kan Gidan Zoo na Kano, wanda ke kan titin da ya ci sunansa, Zoo Road. An kafa shi ne a farkon shekarun 1970, zamanin Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan yake ɗauke da shi. A wayoyinmu mukan ga hotunan irin su Disneyland da aka buɗe a Kalifoniya ta Amurka a 1955, har mutum ya raina abin da ke ƙofar gidansa. Amma yaron da bai taɓa ganin jimina ba, ba ya bukatar a kai shi Amurka kafin ya buɗe baki don mamaki.

Mahaifiyata ce ta fara kawo cikas. Ta ce, "Kai, ba can ne aka ce zaki ya kwance ba? Ka rasa inda za ka kai mini jikoki sai bakin zaki?" Ba ta yi ƙarya ba, domin kuwa a watan Oktoban 2019 zaki ya fita daga kejinsa a gidan, kafin daga baya a shawo kansa a mayar da shi. Na ce, "Inna, ki sa mana albarka kawai, ba za su bar hannunmu ba." Ta yi shiru, can ta kwance bakin zaninta ta ba kowane yaro abin sayen alawa. Izinin ke nan.

Game da lokaci, da gangan na guje wa ranakun salla. Duk wanda ya san Kano ya san yadda jama'a ke yin dafifi a wannan gida da bukukuwan salla, kuma a irin wannan turmutsitsi ne yaro ke kuɓuce wa iyayensa. Na kuma guje wa bazara, domin a watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Disamba ta fi: an gama kaka, an sayar da ɗan abin da aka noma, rana kuma ba ta da kaifi. Illarta ɗaya ce, sanyin safiya da ƙurar hunturu, don haka muka tanadi rigunan sanyi da man shafawa.

Sai maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama shi ne rabin kowace tafiya. Na zauna da biro da takarda na lissafa: mota zuwa da dawowa, Adaidaita Sahu a cikin gari, kuɗin shiga, kuɗin lilo, da wani abu a gefe saboda larura. Na yi asusu, kullum ina jefa abin da ya sauwaƙa, musamman kuɗin katin waya da na rage. Na ƙudurta cewa ba zan ci bashi don yawon buɗe ido ba; ba hikima ba ce a biya bashin yaro da bashin babba.

Abin da muka ɗauka da dokokin da muka kafa

Maiɗakina ta yi dambu da daddare, ta dama kunun zaƙi, muka cika jarka da ruwan sha. Muka haɗa da tabarma, da buta, da kayan canji na auta, da leda saboda mai amai a mota, da zanin goyo. Kowane yaro na rubuta sunana da lambar wayata a takarda na soka masa a aljihu. Muka sa wa mazan riguna masu launi ɗaya mai haske, yadda za a hango su daga nesa. Muka raba aiki: auta na wurin mahaifiyarsa, na tsakiya a hannuna, babbar kuma tana tsakaninmu.

Dokoki uku kacal na ba su, domin yaro ba ya riƙe goma. Ba a zura hannu a keji. Ba a jifan dabba ko tsokanarta. Wanda ya duba bai gan mu ba, ya tsaya cak a inda yake, kada ya bi kowa. Haka kuma ban yi musu alƙawarin ganin wata dabba takamaimai ba. Na riga na koyi darasin faɗin abin da ba ya hannuna.

Ranar tafiya

Bayan sallar Asuba muka fito, muka hau mota a Gwarzo. Na karanta addu'ar hawa abin hawa a bayyane suna maimaitawa. Muka wuce yankin Kabo, muka ratsa Rimin Gado, muka wuce barikin Janguza da sabuwar Jami'ar Bayero, har Kabuga, inda muka shiga Adaidaita Sahu. Tun kafin mu isa, ɗan tsakiyar ya riga ya ga abin al'ajabinsa na farko: hanyar da mota ke bi ta ƙarƙashin gada. Ya ce, "Baba, mun shiga rami!"

Da hantsi muka shiga. Ni a tsarina, za mu zagaya ko'ina cikin awa biyu. Yara kuwa suka kafe a gaban birai, suka ƙi motsi. Na fara duba agogo ina cewa mu yi gaba, sai maiɗakina ta ce a hankali, "Malam, don su aka zo ko don kai?" Nan take na tuna da abin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya tsaya yana kare Nana A'isha (RA) da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, bai gusa ba har sai da ita da kanta ta ƙosa. Shugaban al'umma ke nan, da duk nauyin da ke kansa. Na mayar da agogo aljihu.

A gaban kejin biran ne kuma ɗana ya karya doka. Ya ga wasu yara na jifa, shi ma ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa. Na riƙe hannunsa, na tsuguna daidai tsayinsa, na ba shi labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na ce wannan biri yana tsare, ba shi da inda zai gudu, kuma Allah Yana ganin mai cutar da wanda ba shi da mafita. Ya saki tsakuwar. A raina kuwa na ji nauyin ganin dabbar dawa a bayan ƙarfe. Abin da ya rage mana mu masu kallo shi ne kada mu ƙara mata wahala.

Babbar ce ta ba ni mamaki. Tana kallon halittu sai ta fara lissafo surorin da ke ɗauke da sunayen dabbobi, irin waɗanda aka koya musu a Islamiyya: Baƙara, Nahli, Namli, Ankabut, Fili. Ta tambaye ni wa ya koya wa jimina gudu alhali tana da fukafukai. Na ce wanda Ya hana ta tashi Shi Ya ba ta ƙafafu. Wannan tambaya ɗaya ta fi mini wa'azin awa guda, domin daga zuciyarta ta fito.

Auta kuwa da ya hango zaki sai ya fashe da kuka ya maƙale a wuyan mahaifiyarsa. Ba mu tilasta masa ba, muka janye. Da Azahar ta yi muka yi alwala muka yi salla a kan lokaci, yana ɗafe da ƙafata. Na tuna Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa muka ci dambu, suka hau lilo sau biyu kamar yadda lissafi ya ba da dama. Da suka nemi na uku na ce babu, kuma "babu" na faɗa ƙarara, ban fake da in sha Allahu ba.

Ba mu ga rabin gidan ba. Kafin La'asar muka kama hanya, domin ba na son dare ya riske mu a titi da ƙananan yara. Hotuna kaɗan na ɗauka, na kuma bar su a wayata. Na ji tsoron kada abin da na fara don sauke nauyi ya koma abin nuna wa mutane a Facebook.

Kammalawa

Muna dab da Gwarzo, mazan sun yi barci, sai babbar ta jingina da kafaɗata ta ce, "Baba, za mu sake dawowa?" Na yi shiru na ɗan lokaci ina auna aljihuna da gaskiyata. Sa'an nan na ce, "Ba bana ba. Amma baɗi bayan kaka, in sha Allahu." Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta ce, "To, zan rubuta a bango."

Ya ɗan'uwa matashi, ko kana da 'ya'ya ko ƙanne ne a gabanka, ka binciki kanka a daren nan: wane yaro ne yake bin ka bashin alƙawari? Idan za ka iya, sa rana ka biya, ko da tafiyar yini ɗaya ce da dambu a leda. Idan ba za ka iya ba, kira shi ka gaya masa gaskiya ka nemi afuwarsa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa mu cikin masu cika alƙawari, Ya yafe mana abin da muka faɗa ba mu aikata ba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.