Laburaren da Ya Koma Bakin Kasuwa

A cikin shekarar 2019 tafiya ta kai ni birnin Landan, na sauka wurin wani tsohon almajirina a gabashin birnin. Ran nan mun fito daga babban masallacin da ke kan titin Whitechapel, sai ya ce, "Malam, zo in kai ka laburare." Na ce masa ni da laburare ba yau muka saba ba, tun ina ɗalibi a Alƙahira. Ya yi murmushi, ya shige gaba.

Ta cikin kasuwa muka ratsa, tsakanin masu kayan miya da masu mayafai, har muka tsaya ƙofar wani gini na gilashi mai hawa 5, da ratsin kore da shuɗi irin na tamfol ɗin rumfunan da ke gabansa. David Adjaye, ɗan asalin Gana, shi ya zana shi, aka buɗe a 2005. Sunansa Idea Store, watau kantin tunani. 

Asalin abin kuwa shi ne, hukumar yankin, wadda ake kira Tower Hamlets, ta duba ta ga jama'arta sun ƙaurace wa ɗakunan karatu. Yanki ne na baƙi: ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazaunansa 'yan asalin Bangaladash ne, galibinsu daga lardin Silhet, ga Somaliyawa, ga Sinawa, ga Turawa. To, a ƙarshen shekarun 1990 sai hukumar ta yi abin da mu ma'abota littafi ba mu cika yi ba, ta fita ta tambayi waɗanda ba sa zuwa. Amsar da suka bayar ba ta raina ilimi ba ce. Cewa suka yi wurin ya yi nisa da hanyarsu, kuma sa'ad da suka sami sarari an riga an kulle. Suna so ya kasance inda suke cefane. Aka buɗe na farko a unguwar Bow a 2002, wasu suka biyo baya, ana buɗewa kwana 7 a mako. Masu ziyara, da suke wajen rabin miliyan a shekara, suka kai kimanin miliyan 2.

Abin da na gani a ciki ya fi wannan lissafi zauna mini a rai. Wani dattijo mai jan gemu yana duba jaridar Bangalanci, ledar cefanensa jingine da ƙafarsa. Can sama mata ne a aji, ana koya musu Turanci, 'ya'yansu na sashen yara. Wanda ya zo neman taimako wajen cika takardar hukuma, kan hanyarsa ta fita dole ya gifta ta gaban littattafan harshensa. Nan na fahimci cewa sayen littattafan harsuna dabam-dabam, ko da yake wajibi ne, shi ne aiki na biyu. Na farko shi ne mutum ya tsallaka dokin ƙofa ba tare da jin cewa gidan wasu ya shiga ba.

Ba zan ɓoye ba, hayaniyar wurin ta dame ni. Har da wurin shan shayi a hawa na ƙarshe! Mu da aka rena bisa ladabin zama gaban littafi, wannan yana yi mana nauyi, kuma har yau ina ganin mai zurfafa bincike yana da haƙƙin a keɓe masa inda babu motsi. Ban kuma ga laifin tsohon sunan ba. Tsohon laburaren Whitechapel na 1892 da sunansa na laburare ya ilmantar da 'ya'yan Yahudawa matalauta da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, har ana yi masa kirari da jami'ar talakawa.

Amma fa da na dawo gida sai na tuna da wani laburare da na yi shekaru ina zuwa, can cikin unguwar ma'aikata, nesa da kowace kasuwa, ana rufe shi tun kafin ɗan kasuwa ya tashi daga rumfa. Wani aminina mai sayar da yadi, wanda ke karanta ajami da Larabci kamar ruwa, ya taɓa raka ni. Aka miƙa masa takardar rajista da Turanci zalla. Ya juya ta, ya mayar, ya ce zai jira ni a waje. A lokacin dariya na yi masa. Maƙwabtansa a layi kuwa akwai Banufe da Bayarabe da Babarbare da mutanen Damagaram, kuma ban taɓa haɗuwa da ɗayansu a can ba. Ku ma'aikata da ke zama kan kasafin irin waɗannan wurare kun san adadin littattafan da aka saya bara. Aminin nan nawa yana nan a rumfarsa daga hantsi zuwa magariba, in akwai mai son ya tambaye shi.