Dajin Bayan Ƙauyenmu

A ƙasar Arewa ta Nijar ba mu da kurmi irin na kudu, wanda rana ba ta ratsa shi. Dajinmu gajere ne, na geza da sabara da taramniya, ya lafe a gindin duwatsun da suka yi wa Dallol Mawri shinge. Amma wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Dogon Kiriya kafin farin 1984 ya san ɗan dajin nan ya isa yaro ya ɓace a cikinsa, ya isa barewa ta haihu ba wanda ya gani. Akwai wani yanki nasa a bayan ƙauyenmu, tsakanin gonakin ƙarshe da hawan dutsi. Babban mutum zai ratsa shi kafin hantsi ya yi zafi, mu yara kuwa yini guda ba ya isar mu.

Ba a cewa za a je daji haka kawai. Sai an sami dalili: itacen girki, ko ƙaro, ko wata tunkiya da ba ta kwana gida ba. Dalilin ƙarami ne, zuwan ne babba. Wanda ya fi jana shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, mahalbi ne da ya gaji baka da kwari daga ubansa. Lokacinmu shi ne bayan an kai hatsi rumbu, sanyin dari ya sauka. Mu fita da sassafe, sawun dare bai goge ba. Da mun wuce gonar ƙarshe sai ya waiwayo ya ce, "Ɗana, rage murya, ba kasuwar Matankari muka zo ba." Daga nan sai magana da hannu. Ya nuna mini inda dila ya bi, sawunsa a miƙe. Ya nuna inda zomo ya yi tsalle, da jan wutsiyar guza a kan rairayi, da wurin da zabin daji suka yi tonon safe suka bar gashi mai ɗigo-ɗigo.

Itatuwan kuwa kowanne da aikinsa, kuma da aikin ake gabatar maka da shi. Geza ta rumbu ce, da rassanta ake saƙa shi. Ɓawon kalgo igiya ne. Ganyen sabara na mai jego ne da mai ciwon ciki. Aduwa ta ba ka abin tsotsa, ta ba malam allo. Magarya ba ta damina ba ce, ta kaka ce, mata su daka 'ya'yanta su yi akuri. Ɗanya sai dab da saukar ruwa take zubar da nunu, lokacin da ciki ya fi bukata. Kirya ita ce babba a idona. Itacenta ya fi ƙarfin gara, shi ya sa masassaƙa ke nemanta don turmi da taɓarya, maƙera kuma ba su da gawayin da ya kai nata riƙe wuta. Akwai wata tsohuwar kirya a tsakiyar dajin da muke zama a gindinta mu sha furar da aka ɗauro mana a gora. A jikinta akwai kogo, kuma a nan na fara ganin abin da har yau yake ba ni mamaki: cilakowa ta shiga kogo ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga, mijinta yana ta kai da kawowa yana miƙa mata abinci ta tsagar nan har ta ƙyanƙyashe. Kawu ya ce, "Ka gani da idonka, kada ka nuna wa yara masu danƙo."

Barewa ba kullum ake ganinta ba. In Allah ya sa an dace, sai ka hango ta a bakin fako, ta tsaya cak, kunnuwa a miƙe, kafin ka numfasa ta shige. Fakara kuwa sai ka kusa taka ta take tashi da fuffuka mai tsinka zuciya. Akwai kurege, akwai bushiya, akwai damo sarkin haƙuri a kan reshe, akwai burtu yana takawa a hankali cikin ciyawa, ana jin gunjinsa tun asuba. Da dare daga kan gado mukan ji kura can wajen dutsi, kakata ta ce a duba ƙofar garken awaki.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne dajin nan yana da doka. Kawu ba ya harbi da damina, lokacin da namun daji ke da ciki ko goyo. Ba a sare itace mai 'ya'ya yana ɗanye. Farautar gayya ba ta tashi sai manya sun yi buɗin daji. Akwai kuma wuraren da ko busasshen reshe ba a ɗauka, don na iskoki ne a wajen Azna. Gidanmu gidan salla ne, amma ban taɓa ganin wani namu ya kai gatari irin wurin nan ba. Ƙasar Arewa ƙasa ce da Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji suke da magana a kan ƙasa da daji tun kafin zuwan Nasara, kuma daji ya taɓa yi wa mutane rana. A watan Afrilun 1899, da rundunar Faransa ta Kyaftin Vule ta afka wa Lugu, cikin ruƙuƙin daji Sarauniya da mutanenta suka ja da baya, inda shiga ta yi wa masu bindiga tsada. Duk abin da mutum zai ce game da bori da tsafi, hanin nan ya tsare itatuwan da ba wani dogari da zai iya tsare su.

Farin 1973 ya girgiza dajin, na 1984 ya karya shi. Shekarar da mutane ke kira El Buhari, saboda a mulkin Buhari iyakar Najeriya a rufe take, yunwa kuma a buɗe, na ga iyayenmu mata suna tafiya daji ɗiban anza. A jiƙa ƙwayarta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sakewa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Yaɗiya da jiga da tafasa duk sun shiga tukunya. Dajin ya ciyar da mu a shekarar nan, kuma a shekarar ne aka fi sararsa, don wanda rumbunsa ya ƙare ba shi da abin sayarwa sai itace. Aka jera dami a bakin hanya, motoci suna kwasa zuwa Dogon Dutsi. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu, uba da 'ya'ya ke kuka a gabansa ba zai tsaya lissafin kirya ba.

Bayan fari sai yawan jama'a. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da 'yan kai, a ta 2012 sun haura miliyan 17. Saurar da ake bari ta huta shekaru ta ƙare, gona ta ci har gindin dutsi. Dajin saman tudu kuwa yana da tsarin da sai ka hau ka lura: layin itatuwa, sai fako, sai wani layin, sai fako. Ruwan da ya sauka a fakon ba ya nutsewa, gangarawa yake yi ya shiga layin itatuwan, su sha nasu su sha na fakon. Da aka sare layukan, ruwan ya rasa mai tare shi. Ya sauko da gudu, ya yanka kwazazzabai, ya kwashi yashi ya binne fadama. Ga kuma dokar gandun daji ta wancan zamani, wadda ta mai da itace na gwamnati, har manomi na iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Abin da ba naka ba, wa zai rene shi? Sai mutum ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya jawo masa magana.

Alhamdu lillahi, abu ya juya. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada a zamanin Seyni Kunce. A ƙasar Maraɗin ne kuma wani Ba'ostiraliya, Toni Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. In manomi ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru ya sami itace ba tare da ya dasa ba. Shi ne sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta filaye har hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya, galibi a Maraɗi da Damagaram. Ya iso Arewa, kuma yau in ka bi gonakinmu za ka ga gawo da kalgo da sabara tsaye cikin hatsi. Ina murna da wannan har zuciyata.

Sai dai itacen gona ba daji ba ne. An datse shi ya miƙe, an nome gindinsa tas. Fakara tana son ruƙuƙi ta ɓuya ta yi ƙwai. Cilakowa tana son tsohon itace mai kogo, wanda ba ya samuwa a shekara goma. Barewa tana son wurin da za ta yini ba ta ji muryar mutum ba. 'Ya'yan ƙannena sun san zaki da giwa a wayar salula, amma akwai cikinsu wanda bai taɓa jin gunjin burtu ba, wannan kuwa yana ci mini rai. Kuma na san namun daji suna dawowa in an ba su wuri. Raƙuman dawa na Kure, kan hanyar Dosso zuwa Yamai, sun ragu har 49 a 1996. Da aka hana kashe su, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin tsaronsu, cikin shekara ashirin suka kai ɗaruruwa, har aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji a 2018. Dajin da suke ci da damina irin namu ne, na saman tudu.

Yanzu wata damuwar ta ƙaru. Masu bindiga a kan babura sun sa mutanen yankinmu tsoron nisa da gari, ko makiyayi yana duba rana kafin ya zurfafa. Ina roƙon Allah ya kawo ƙarshen wannan, don ba a rainon daji da fargaba.

Duk da haka samarin ƙauyenmu sun hau fakon da dajin yake a da, suna gina ramukan rabin wata don su tare ruwa, suna watsa irin ciyawa a ciki. Geza da sabara sun fara tohowa daga tsoffin saiwoyi. Ɗan ƙanwata da ke cikin masu aikin ya ce mini, "Kawu, gina rami ba wuya, tsaro ne wuya. In ba a hana awaki da gatari damina uku ba, aikin banza muka yi." Gaskiyarsa. Na ce masa su haɗa dattawa da makiyaya su je gaban maigari da kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, a shata wurin a rubuta shi na jama'a, kada wani ya wayi gari ya sa masa garma. Fulanin da ke ratsawa da shanu su ma a zauna da su tun farko a yanke inda burtali zai bi, a kuma tsayar da wanda zai yi gadi da abin da za a ba shi in kaka ta yi.