Kujerun Aro a Gidan Yara

Jama'a, a zangonninmu na Kumasi babu abin da ya kai aron kaya yawa. Wannan zai tafi Jamus, wancan zai koma Ankara, ɗaki ya yi kaɗan, sai a ce wa ɗan'uwa: "Ka riƙe mini kujerun nan, ku zauna a kai kafin in dawo." Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, amma kujera kam tana rufe kunyar mai gida ranar da baƙi suka zo. Sai dai amana ce, kuma zumunci da yawa ya lalace a kan yagaggen kushin.

Yau shekara 4 ke nan kujerun yayana suna ɗakina, doguwa ɗaya da ƙanana biyu. Yarana 5 ne, ga kuma kyanwa da muke kiwo saboda ɓeraye. Ranar da aka kawo su na ɗauki hotonsu ta kowane gefe na aika masa, har da inda yadin ya riga ya koɗe. Wani zai ce wannan rashin yarda ne. Ni kuwa na ga gara a yi magana tun ana dariya.

Abu na farko, uwargida ta kai wa tela yadi mai kauri ya ɗinka musu riga. Rigar ce ke shan miya da majina, ranar Asabar a wanke ta. In manja ya ratsa har ciki, ba ma gogewa, don guga tura mai take yi cikin soso. Mukan barbaɗa garin sitaci ya tsotse, mu kakkaɓe, sannan mu dangwala ruwan sabulu da tsumma. Fitsarin yaro ko na kyanwa kuma, a danne da busasshen tsumma nan take, a bi da ruwan sanyi da ɗan ruwan khal. Kowane magani sai mun gwada shi a bayan kujera tukuna, kada ya cinye launi.

Kyanwa ba mugunta ke sa ta yaƙushi ba, gyaran farce take yi tana kuma sa alamar wurinta. Duka ba ya hana ta. Na naɗe guntun katako da igiya na kafa kusa da hannun kujerar da ta fi so, sannu a hankali ta koma can.

Yara kuwa tsalle ne aikinsu, tsalle kuma shi ke tsinka robar da ke ɗauke da soso daga ƙasa. Da damina mukan janye kujerun daga bango saboda danshi da fumfuna. Da hunturu katako ya bushe, gam ya saki, ƙafa ta fara rawa. A kira kafinta tun lokacin, kafin ta karye. Kowane wata kuma ina duba bakin ɗinki saboda kuɗin cizo.

Da soson doguwar ya lotsa, mai gyara ya ce a canza har da yadi. Na ce a dakata, na buga wa Yaya waya. Ya ce a sa sabon soso amma kada a taɓa yadin, don marigayiya mahaifiyarmu ce ta zaɓa. Kun ga abin da mai aro ba zai taɓa sani ba sai ya tambaya. Muka kuma daidaita: abin da tsufa ya ci nasa ne, abin da yarana da kyanwata suka ɓata nawa ne.

Saboda haka 'yan'uwa, wanda aka ba aro ya faɗi ɓarna da bakinsa kafin mai kaya ya gani da idonsa. Mai bayarwa kuma ya tuna gidan yara ya kai kayansa, ya yi sassauci. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.