Direban gida, idan notin baƙin mai ya ƙi kwancewa

'Yan uwa direbobin gida da ke Jidda, Makka da Riyad. Yawancinmu muna yin juyen baƙin mai da hannunmu, ko don kafil ya sa mu, ko don a rage kuɗin warsha. To wata rana za ka shiga ƙarƙashin mota ka tarar notin da ake zubar da man ya kafe ƙam. Ɗan uwa, dakata. Motar nan ba taka ba ce, kuma notin da bai kai riyal ashirin ba zai iya cinye maka rabin albashi.

A shekarun da na yi ina wannan aiki, kusan duk notin da na ga ya kafe, wanda ya yi juyen baya ne ya ɗaure shi da bindigar iska, ko ya mayar da tsohuwar washa. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto ka tura wa mai motar, ka ce masa haka ka same shi. Idan abu ya lalace daga baya, kana da shaida.

Sannan ka tayar da injin kamar minti biyar, ya yi ɗumi, ba zafin ƙuna ba. Ka ja birkin hannu, ka ɗora motar kan sandunan tokare. Kar ka kuskura ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Iyali na jiranka a gida.

Ka ajiye filaya da sifana mai buɗaɗɗen baki, su ne ke cinye kan noti. Nemi soket mai kusurwa shida daidai da kansa: yawancin Toyota 14 ne, Honda da Hyundai kuwa 17. Ka tabbata ya zauna har ƙasa. Ka lura da inda kake murɗawa, don idan mutum yana kwance lissafi kan juye masa. Idan kana fuskantar kan notin, kishiyar tafiyar agogo ake kwancewa. Ƙara wa hannun soket tsawo da bututu, ka ja a hankali, ko ka ɗan buga ƙarshensa da tafin hannu. Sau da yawa bugu ɗaya mai kyau ya fi dogon kokawa.

Wuta kuwa, kar ma ka kawo ta kusa da mai.

Idan kan notin ya fara mulmulewa, ko ka ji yana juyawa amma ba ya fitowa, tsaya nan. Alamar kan notin ko tiredi ya lalace ke nan, kuma kaskon mai na motoci da yawa na yanzu alminiyom ne, ba ya jure ƙarfi. Ka kira kafil, a kai ta Sina'iyya da izininsa, da kuɗinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In Allah ya sa ya kwance, sa sabuwar washa, ka fara ɗaura notin da yatsu, sannan ka matse daidai gwargwado. Ka tuna wanda zai kwance shi nan gaba, wataƙila ɗan uwanka ne.

Allah ya tsare mana sana'armu, ya mai da mu gida lafiya. A tura wa sababbin zuwa.